Zagin Kududdufi

Duk wanda ya ce muku binciken haɗin gwiwa abu ne mai daɗi, bai taɓa shiga mota ɗaya da masanin ruwa da masaniyar tarihi da masanin tsuntsaye ba. Ni na shiga, kuma ni na jawo wa kaina, domin ni ce na ce mu je unguwarmu.

Sunana Hassana, ina koyar da ilimin zamantakewa a jami'a. An haɗa mu mu huɗu aka ce mu zaɓi wuri guda a cikin birnin Zariya, kowa ya dube shi da idon fanninsa, sannan mu haɗa kai mu faɗi matsayin wurin a zukatan mutanensa. Dakta Rilwanu ne na ruwa, mutumin da ko shayi aka miƙa masa sai ya tambayi daga wace rijiya aka ɗebo. Dakta Jummai 'yar Wusasa ce ta tarihi, ba ta yarda da maganar kowa sai ta ga fasasshiyar tukunya da idonta. Sai Malam Suhail na tsirrai da tsuntsaye, wanda ya tashi a Abuja. Hausa a bakinsa garau take, sai dai bai san inda ake taka mata birki ba.

Wurin da na kai su kududdufin bayan gidan kakata ne, Iya Delu, can cikin lungu kafin a kai Ƙofar Gayan. Da ƙasar da aka haƙa a nan aka gina rabin gidajen unguwar, har da ɗakin da aka kawo Iya tana amarya, daga baya ruwan sama ya mai da ramin gidansa. Ba don ilimi kawai na zaɓe shi ba, ina da tawa manufar. Kawu Inuwa, yayan mahaifiyata, ɗan farin Iya, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, aka ba shi shugabancin kwamitin unguwa, sai ya rasa abin da zai yi da ƙarfinsa ya ɗora ido a kan kududdufin. Ya ce kafin damina za a cike shi da jar ƙasa a yi filin biki da ajiye motoci. Kowa ya san motar da ake nufi, domin tasa ce kaɗai ba ta iya shiga lungun.

Da Iya ta ji, sai ta yi kamar abin bai dame ta ba. Amma ni na san duk safiya bayan ta idar da salla takan kife turmi a gindin katanga, ta hau da tsofaffin gwiwoyinta ta leƙa ruwan. Tun da maganar kawo tifar ƙasa ta fito ta rage cin abinci, goron ma sai ta riƙe a hannu har ya bushe. Na ji tsoron in aka cike ramin nan, Iya ba za ta daɗe a bayansa ba.

Da na je wa Kawu da maganar bincike, ya saurare ni yana murmushi. Ya ce shi mutum ne mai girmama boko, in har masana suka ce a bar kududdufin, ya bar shi, in kuma ba su ce ba, direban tifa abokinsa ne. Na yi murna na ce an gama, mu huɗu ai ba za a rasa mai ceto ba. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa ya yarda da sauri haka ba.

Muka fara aiki da bazara, zafi kamar a bakin murhu. Dakta Rilwanu ya shiga ruwa da dogayen takalman roba yana soka sanda, yara sun yi dafifi a gaɓa suna jiran ya zame. Dakta Jummai ta sa aka haƙa mata ɗan rami a gefe, ta zauna tana tankaɗe ƙasa kamar mai shirin tuwo. Malam Suhail ya rataya kamara mai dogon hanci ya kwanta rubda-ciki a cikin ciyawa, har wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko farfaɗiya gare shi. Da yamma in mun koma mota sai rigima ta tashi. Na ruwa ya ce na tarihi ta gurɓata masa gaɓa, ta tarihi ta ce na tsuntsaye ya tattake mata rami, na tsuntsaye ya ce su biyun sun kore masa balbelu. Ni da ke nazarin mutane sai na zama mai rabon faɗa.

Da sakamako ya fara fitowa, sai na ga ba abin da nake fata ba ne. Dakta Rilwanu ya ce gaskiya ne kududdufin yana shanye ruwan lunguna da damina, amma in aka gina kwalbati mai kyau zuwa babban lambatu, ana iya cike shi babu ambaliya. Na harare shi, ya ce shi abin da sanda ta gaya masa yake faɗa. Dakta Jummai ta so ƙwarai ta ce tun zamanin gina ganuwa aka haƙa shi, amma abin da tankaɗenta ya kama bai wuce murfin kwanon sha da mataccen batirin tocila ba. Malam Suhail kuma ya ce tsuntsayen suna da kyau, sai dai irinsu ne a kowane kududdufi daga nan har Gyallesu. Haka kowa ya kakkaɓe hannunsa, kaya suka dawo kaina. In mutanen unguwa suka ce suna son wurin, ya tsira.

Nan ma ban damu ba, don na san suna sonsa. Abin da ya ɓata mini lissafi ya faru ne ranar da muka tara dattawan unguwa a inuwar durumin bakin ruwa don mu fara hira. Rana ta yi sanyi, bado ya buɗe, balbelu suna dawowa kwana. Malam Suhail ya tsaya ya buɗe hannuwa ya ce bai taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, wallahi aljanna ce, sun ji daɗinsu. Ko tubarkalla bai ce ba.

A cikin birni ba a yabon abin gida a gaban baƙo. In aka ce ɗanka ya yi ƙiba, sai ka ce ai sakarai ne, ci kawai ya iya. In aka yaba miyarki, sai ki ce ruwa ne da gishiri. Rabi kunya ce, rabi tsoron baki, kada yabo ya kama abin ya lalace. To ga baƙo ya kwararo wa kududdufi yabo tsirara, dole a yi maza a wanke shi. Malam Yahaya mai ɗinkin hula, wanda kullum a nan yake shimfiɗa buzunsa, shi ya fara. Ya ce wannan ai gonar sauro ce. Hajiya Batul, wadda ta shekara da shekaru tana shuka alayyafo a gaɓar, ta ce wari ne ya hana su sakat. Wani ya ce kwaɗi, wani ya ce leda, wani ya ce akuyarsa ta taɓa faɗawa. Wayata tana hannuna tana ɗauka, ni kuwa ina jin kamar in nutse.

Na ce bari in bi su gida-gida, wataƙila in babu baƙi za su saki jiki. Ina! Da zarar na kunna waya sun san baƙi ne za su ji, sai su gyara zama su ci gaba daga inda suka tsaya. In na kashe, sai Hajiya Batul ta kamo gefen mayafina ta yi ƙasa da murya ta ce ba dai da gaske cike shi za a yi ba, ina za ta sa kanta. In ce to Hajiya ki maimaita wannan, in sake kunnawa. Sai ta ɗaga kai ta ce ƙazanta ce zalla, ita dai ba ruwanta. Raina ya ɓaci sosai, kuma babu wanda zan huce a kansa, tunda ni ma da aka yabi sabuwar atamfata a ofis cewa na yi tsohuwa ce.

Na ce wa abokan aikina mu rubuta cewa mutane suna son wurin, tunda gaskiyar ke nan. Dakta Jummai ta ce ta san haka ne, su ma a Wusasa haka kakarta take, amma ba a rubuta abin da ba a faɗa ba. Dakta Rilwanu ya tambaya ko akwai wata hanya da za a auna son a samu lamba. Malam Suhail, da aka fahimtar da shi ɓarnar da ya yi, sai ya bi unguwa yana ce wa komai tubarkalla, har tukunyar mai ƙosai da wani bunsuru da ke wucewa.

Sai a lokacin na gane murmushin Kawu. Shi ɗan unguwa ne, ya san ko za a yanka su ba za su yabi kududdufin a gaban waya ba. Na same shi yana goge gilashin motarsa na ce masa ai wannan wayo ne. Ya ce shi bai sa kowa ya ce komai ba, da bakinsu suka faɗa. Ya kuma ce ranar da za mu kawo rahoto yana so ya ji muryoyin da kunnensa, kada a tace masa ko ɗaya.

Saura mutum guda, Iya. Na san in ita ta ce a bari, Kawu ba zai iya tsallake maganar uwa a gaban jama'a ba. Amma tsakaninsu kunyar ɗan fari ce irin ta da, wadda ba ta san sassauci ba. Ba ta taɓa kama sunansa ba, mutumin nan take ce masa, in ta ji haushi ta ce mai motar nan. In ya zo gaisuwa sai ta kau da kai ta amsa wa bango, ta sallame shi tun kafin ya gama durƙusawa. Ba za ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi komai ba. Kawu ya san al'ada ce, amma na taɓa jin yana ce wa mahaifiyata furfura ta cika masa kai bai taɓa jin kalma ɗaya mai daɗi daga Iya ba. Ya yi dariya da ya faɗa, dariyar kuwa ta fatar baki ce.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafar da ba za ta ci ba. Na zauna, na kunna waya na ajiye a kan tabarma.

"Iya, abu ɗaya nake so ki faɗa. Ki ce kina son kududdufin nan."

"Ni?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Da girmana in zauna in ce wa ƙarfe ina son rami? Bokon naki har nan ya kai?"

Na lallashe ta, na yi mata kirari, na ce zan sayo mata turaren da take so. Ta ce in riƙe turarena. Da na matsa mata da tambayar me ta sani game da shi, sai ta ture faifan gefe ta buɗe wuta.

"Ba ya jin magana. Da rani ya rame har ki ga ƙasan cikinsa, in rasa abin da ke mini daɗi. Da damina ya kumbura ya zo har gindin katanga, in kasa runtsawa ina sauraronsa. Ko ciwo nake sai na tashi na ga yadda ya kwana, kuma ko sannu bai taɓa ce mini ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban ga abin da ya wahalar da ni kamarsa ba, in ba abu guda ba."

"Mene ne, Iya?"

"Shi ma haka yake, ga rama ga taurin kai. Tun watan jiya yake ɗingisa ƙafar hagu yana ɓoyewa, gida cike da mutane an rasa mai tambayarsa." Ta ja faifanta. "Kashe abin nan."

Na kashe, na fito ina ƙunƙuni. Na zo neman kalma ɗaya ta ceto, na tashi da zagi mafi tsawo a duk unguwar.

Ranar rahoto aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidan Iya. Dattawa suka cika, mata suka taru a bayan ƙofar ciki. Kawu ya sha babbar riga ya zauna a kujera, makullin mota a hannu. An riga an sauke jar ƙasa tifa guda a bakin lungu, wai don kada a ɓata lokaci. Abokan aikina suka yi bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana satar kallona kamar mai ba da haƙuri. Da aka zo kaina na yi dogon sharhi a kan kunya da tsoron baki, Kawu ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce a kunna.

Aka haɗa wayar da ƙaramar lasifika. Muryar Malam Yahaya ta cika zaure da gonar sauro, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza hular da yake ɗinki. Hajiya Batul ta ji kanta tana cewa ƙazanta ce zalla, na jiyo ta a bayan ƙofa tana salati a hankali. Kowa ya ji yadda ya haƙa wa abin da yake so kabari da harshensa, kuma babu mai iya tashi ya ƙaryata kansa a gaban baƙi. Kawu yana gyaɗa kai yana kaɗa makulli. Da aka zo kan ta ƙarshe na ce wannan ta Iya ce, ba sai an ji ba. Ya ce a'a, ai ita ce babba.

Da ta fara da maganar ƙarfe da rami aka yi dariya, Kawu ya fi kowa. Da ta ce ba ya jin magana ya ƙara dariya, ya ce wannan salon ya san shi. Da ta kai kan rama da kasa runtsawa sai makullin ya daina kaɗawa. Muryata ta fito tana tambaya mene ne, amsar Iya ta biyo baya, kowace kalma a fili. Na ga Kawu ya janye ƙafarsa ta hagu a hankali ya shigar da ita ƙarƙashin riga. Ni kaina ban taɓa lura yana ɗingishi ba, matarsa ma daga baya ta rantse ba ta sani ba. Wadda ke amsa wa bango ce ta gani.

Lasifika ta yi shiru. Kawu ya ciro hankici ya ce zauren nan akwai yaji, wa ke suya. Babu mai suya, amma Malam Yahaya ya ce lallai shi ma ya ji. Can Kawu ya gyara murya.

"Na ji bayanin masana, na gode. Ni dai da na sake dubawa, wannan ramin bai ma cancanci a cike shi ba. Ɓarnar ƙasa mai kyau ce a zuba a cikin wannan ƙazantar. A bar shi da warinsa."

Dattawa suka ce gaskiya ne, ai asarar ƙasa ce, mummunan rami irin wannan. Fuskokinsu kamar an yi musu albishir da kujerar Makka. Malam Suhail ya buɗe baki zai ce wani abu, Dakta Jummai ta taka masa ƙafa. Dakta Rilwanu ya raɗa mini cewa shi har yanzu bai ga abin da za mu rubuta ba. Na ce masa ya bari sai mun shiga mota, ai muna da hanya.

Da aka watse na shiga ciki in kai wa Iya labari, sai na ga Kawu ya riga ni. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin tabarmarta, wannan karon bai ɓoye ɗingishin ba. Ita kuma ta juya tana fuskantar katanga. Na tsaya a bayan randa.

"An ce an fasa," in ji Iya.

"An fasa, Iya."

"Da ma wasu ba sa gama abin da suka fara."

"Haka ne."

Na jira ta sallame shi, ba ta yi ba. Kawu ya ce bana kam sauron ramin nan sai ya fi na bara. Iya ta ce wa katanga ai bara ma ba a ga komai ba, shekarar da aka yi babban ruwa kwaɗi har cikin ɗaki suka shigo, wani yana rarrafe a lokacin ya kama guda zai kai baki. Kawu ya ce bai san da wannan ba. Ta ce ina zai sani, shi da ba ya zama. Daga nan suka ɗora, ita ta kawo laifi shi ya kawo, suka bi kududdufin shekara-shekara suna zaginsa, har inuwa ta bar tsakar gida. Ban taɓa jin sun yi magana mai tsawon haka ba, kuma na yi kuka a bayan randar nan.

"Da an bari an cike shi, da na huta," in ji Iya.

"Ba za ki huta ba, Iya."

Iya ta kama gefen zaninta ta matsa can ƙarshen tabarma, ta bar wuri.

"Ke mai laɓe," ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "ce wa mutumin nan ya miƙe ƙafar."